Damina Ta Sake Hali: Rumbun Manomin Achilafiya da Wadatar Abinci a Duniya

Gabatarwa

Achilafiya gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi ta ƙasar Kazaure, a kan hanyar da ta tashi daga Kazaure ta nufi Daura. Duk mai nazarin harshe da ya ji sunan garin nan sai ya ɗan dakata, domin idan aka rarrabe shi gaɓa gaɓa, sai ya fito tamkar addu'ar da akan yi wa wanda aka ajiye wa akushi a gaba, watau "a ci lafiya". To, ci cikin lafiya kuwa shi ne ainihin abin da masana na zamani suke nufi da wadatar abinci: kowane magidanci ya sami abin da zai ciyar da iyalinsa a kowace rana ta shekara, ba tare da ya sayar da tunkiyarsa ko ya jinginar da gonarsa ba. Abin tambaya a yau shi ne, ko manomin Achilafiya da 'yan'uwansa na Roni da Gwiwa da Babura za su ci gaba da cin lafiya, alhali kuwa daminar da suka dogara da ita ta sake hali?

Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kansa shi ne, sauyin yanayi gaskiya ne, kuma ya riga ya iso gonakin wannan yanki. Amma fari ko ambaliya ba su zama yunwa sai sun tarar da rumbu wayam. Saboda haka, maganin da ya kamata a fara da shi, shi ne a mayar wa ƙaramin manomi ƙarfin da yake da shi a da na jure wa mummunar shekara, kafin a shiga zancen manyan injuna da manyan tarurruka.

Daminar Da da Daminar Yau

Kamar yadda kowa ya sani, yawancin ƙasar wannan yanki jigawa ce mai rairayi, sai tsaunuka da ƙoramu jefi-jefi a wajajen Kazaure da Roni. Ruwan sama sau ɗaya yake zuwa a shekara, cikin wata uku zuwa huɗu, kuma a cikin waɗannan 'yan watanni ne ake noma abin da za a ci wata goma sha biyu. Domin haka ne Bahaushe ya tsara wa damina lissafi na musamman. Manomi yana da watanninsa na noma waɗanda ba su bin watannin Musulunci, har ya ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Malamai kuma suna da lissafin taurari 28, kowane tauraro kwana 13, sai Jabaha mai kwana 14, kuma da shi sukan faɗa wa jama'a lokacin shuka da lokacin marka. Ban da wannan, akwai alamun da ba su bukatar allo, kamar isowar shamuwa, da juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, da karkaɗewar ganyen gawo. Wanda ya amince da lissafinsa har binne yakan yi, watau ya shuka gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari ya tayar da shi.

Duk wannan ilimi an gina shi ne bisa cewa damina tana da alkawari. Yau kuwa alkawarin ne ya yi rauni. A nan akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi, domin mutane da yawa sun ɗauka sauyin yanayi ƙarancin ruwa ne kawai. Haƙiƙa ruwan yankin Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari tsakanin shekarun 1950 da shekarun 1980, amma daga shekarun 1990 jimlar ruwan shekara ta ɗan farfaɗo. Abin da bai dawo ba shi ne tsarinsa. Cikin 2017 wasu masana na ƙasar Ingila da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka nuna cewa manyan hadura masu tsanani sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Ma'anar wannan ga manomi a fili take. Ruwan da ya kamata ya sauka a hankali cikin mako biyu, sai ya zuba cikin dare ɗaya, ya karya kunya, ya kwashe taki, ya yanka kwazazzabai, ya rushe ginin ƙasa, sa'an nan ya ɗauke ƙafa kwana goma sha biyar ko ashirin, shuka tana yaushi a rana. Mai auna ruwa a ofis zai rubuta cewa an sami ruwa isasshe a bana, mai gona kuwa ya san sau biyu ko uku ya sake shuka.

Ambaliyar 2022 ta isa misali. A wannan shekara mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma Jihar Jigawa, wadda aka sani da kukan fari da kwararowar hamada, tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Cikin watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye birnin Maiduguri. Ga kuma zafi. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, har ta zarce zafin zamanin da ba a kafa masana'antu ba da wajen digiri ɗaya da rabi. A watan Afrilu na shekarar nan zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Zafi irin wannan yana tsotse danshin ƙasa da sauri, yana ƙona tsiron da bai yi ƙwari ba, kuma idan ya riski hatsi lokacin fitar da kai, sai zangarniya ta fito ba ƙwaya sosai. Dalilin wannan ɗumama kuwa sananne ne, watau hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur da gas da ake ƙonawa, wanda yake taruwa a sararin sama yana riƙe zafin rana. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi. Manomin Gwiwa da bai mallaki ko babur ba yana biyan bashin da ba shi ya ci ba.

Darasin Yunwar Da

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma harshen kansa ya ajiye tarihinsa, domin kowace babbar yunwa an raɗa mata suna. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da Mai Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942, da Muda ta 1954. Wanda ya bi diddigin waɗannan shekaru zai ga ba rashin ruwa kaɗai ya kashe mutane ba. A ɗauki Kakalaba alal misali. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, Turawa kuma suka tsananta karɓar haraji da tsabar kuɗi. Manoma da yawa suka karkata ga gyaɗa, wasu suka sayar da hatsin ajiyarsu domin su biya haraji. Da ruwa ya ƙi a 1913, sai fari ya tarar da rumbuna ba kome, mutane suka mutu ba adadi. Wani masani mai suna Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya yi dogon bayani a kan haka a littafinsa na 1983, inda ya nuna yadda haraji da kasuwa da bashi suka raunana dabarun da talaka yake kare kansa da su.

Farin 1972 zuwa 1974 kuwa har yanzu akwai dattawan da suka gan shi da idonsu. A 1973 ruwan da ya sauka a Kano bai wuce rabin abin da aka saba samu ba. Dabbobi suka hallaka, mutanen arewa suka kwararo kudu, rijiyoyi suka ƙafe. Cikin 1975 cutar kuturta ta faɗa wa gyaɗa, kuma daga nan dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba. Farin 1983 da 1984 ya biyo baya tun ba a gama farfaɗowa ba. Hukuma ta yi nata ƙoƙari. Gwamnatin Audu Bako ta tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasar Kazaure take cikinta har zuwa 1991, ta giggina madatsun ruwa, ciki har da ta Tiga. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa cikin 1976, da shirin juyin noma na Shugaba Shehu Shagari cikin 1980, aka kuma kafa hukumar KNARDA domin malaman gona su isa ƙauyuka.

Amma abin da ya fi tsirar da jama'a a waɗannan shekaru dabarunsu ne na gado. Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana koyarwa a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin rayuwar mutanen Dagaceri da ke arewa maso gabashin Jigawa ta yanzu, ya ga yadda suka sauya iri zuwa mai saurin nuna, suka rarraba gonakinsu, suka haɗa noma da kiwo da sana'a da cin rani. Darasin da ke ciki shi ne, shekara ɗaya mummuna ba ta kayar da gidan da yake da ajiya da dabba da itace da dangi. Gidan da ya rasa waɗannan ne yake faɗuwa.

Garkuwar da Ake Zubarwa

Abin baƙin ciki shi ne, a daidai lokacin da damina ta fi bukatar a yi mata shiri, a lokacin ne ake sakin waɗannan garkuwoyi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, itacen gona. A da ba a raba gonar Bahaushe da gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya. Gawo musamman abin mamaki ne, domin yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, sa'an nan ya yi kore da rani, dabbobi su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili kyau. Yau kuwa motocin itace da buhunan gawayi su ne suke bin hanya zuwa birane, kuma tsadar kananzir da gas ta ƙara wa gatari kaifi. Gonar da ba itace, iskar bazara tana kwashe mata ƙasa tana binne tsiro da rairayi, ruwan marka kuma ya wanke abin da ya rage.

Na biyu, ƙarfin ƙasa. Jama'a ta yawaita, gandu ya watse, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki goma ne suka raba ta. Babu sauran barin gona ta huta. Takin gargajiya da akan kai da mangala a kan jaki ya yi ƙaranci, domin dabbobin da za su samar da shi sun ragu a gidaje da yawa, burtali da makiyaya kuma an nome su, har abin ya zama sanadin husuma tsakanin manomi da makiyayi waɗanda a da suke musayar kara da taki. Inda ƙasa ta gaji kuwa, nan ƙuduji yake samun gindin zama.

Na uku, kuma mafi girma, rumbu. A da mutuncin magidanci yana cikin rumbunsa. Akan ci hatsin gayauna da abin da aka samo a cin rani, a rufe rumbun gandu sai damina ta faɗi, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma. Mai hali har yakan ajiye damman shekara biyu ko uku. Yanzu bukatun kuɗi sun yi yawa: magani, da makaranta, da biki, da bashin taki. Saboda haka da an yi girbi sai hatsi ya nufi kasuwa a lokacin da ya fi araha, 'yan kasuwa su tara shi a manyan ɗakunan ajiya irin na Dawanau, sa'an nan a watan Yuli da Agusta manomin nan ya koma ya sayi abin da ya noma da tsada, mudu mudu. Domin ya sami kuɗin sayen, sai ya tafi ƙwadago a gonar wani, tasa gonar kuma ciyawa ta cinye ta. Ta haka yunwar bana take haifar da ta baɗi. Riɗi da zoɓorodo, waɗanda Jigawa ta yi suna da su, suna kawo kuɗi ƙwarai, kuma ba wanda zai hana manomi neman kuɗi. Sai dai wanda ya tuna da gyaɗar 1912 ya san hatsarin da ke cikin mayar da gona duka ta kasuwa.

Daga Achilafiya Zuwa Kasuwar Duniya

Wani zai ce, ina ruwan duniya da rumbun wani ƙauye a ƙasar Kazaure? Amsa ita ce, cikin duniya ya zama ɗaya. Yawan mutanen duniya ya kai biliyan 8 cikin Nuwamba 2022, kuma kusan rabin ƙarfin da suke samu daga tsirrai yana fitowa ne daga abu uku kacal: shinkafa da alkama da masara. Ƙasashen da suke fitar da waɗannan zuwa waje kuma 'yan kaɗan ne. Idan ɗayarsu ta yi tuntuɓe, sai kowa ya ji a tukunyarsa. Cikin Fabrairu 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, waɗanda su biyun suke fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake cinikinta a duniya, nan da nan farashin alkama da takin zamani ya tashi. A watan Mayu na shekarar nan, bayan matsanancin zafi ya taɓa amfanin gonarta, Indiya ta hana fitar da alkama, cikin Yuli 2023 kuma ta taƙaita fitar da farar shinkafa har zuwa 2024. Kowace ƙasa idan ta ji tsoro rumbunta take rufewa. Nijeriya kuwa mafi yawan alkamar da take ci daga waje take sayowa.

A gida ma abubuwa suka taru. An janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, darajar naira ta faɗi, aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, abin da ya taɓa cinikin hatsi da dabbobi a garuruwan kusa da iyaka irin su Babura da Maigatari. Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci cikin Yuli 2023, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a duniya cikin 2023, kuma a Afirka mutum ɗaya ne cikin biyar.

Abin lura a nan shi ne, gidan da yake da geronsa a rumbu, yaƙin Turai bai hana shi tuwo ba. Gidan da ya dogara da kasuwa shi ya kwana da yunwa. Hukumar abinci ta duniya ta nuna cewa ƙananan gonaki, waɗanda ba su kai kadada biyu ba, su ne suke samar da wajen sulusin abincin duniya. Haka kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, saboda juriyarsu ga zafi da ƙarancin ruwa. Ashe abincin da wasu 'yan boko suke rainawa, shi duniya take waiwaya yanzu.

Masu Wani Ra'ayi

Akwai masu cewa ruwa na Allah ne, saboda haka zancen sauyin yanayi shisshigi ne. Lalle ruwa na Allah ne, kuma ba wanda zai hana jama'a fita roƙon ruwa. Amma manomin da ya yi imani da haka bai taɓa fasa kai taki gonarsa ba, kuma kowane ɗalibin makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusufu, wanda ya tara hatsin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa domin shekarun fari. Tawakkali bai taɓa hana tanadi ba.

Akwai kuma masu cewa matsalar ba ta yanayi ba ce, ta yawan jama'a ce da tsadar kaya da rashin tsaro. Waɗannan suna da gaskiya rabi. Dalilan duka suna aiki tare, kuma ai abin da wannan maƙala take faɗa ke nan tun farko: sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Amma wanda ya ƙi sanya damina cikin lissafinsa, zai yi ta raba taki ga gonar da ruwa zai wanke.

Kashi na uku su ne masu ganin noman rani da tarakta da manyan gonaki su ne mafita. Noman rani alheri ne, kuma waɗanda suke kusa da madatsar ruwa ta Kazaure ko wata fadama sun san amfaninsa. Sai dai mafi yawan gonakin 'Yankwashi da Gwiwa da Roni da Babura na tudu ne, ba kuwa za a iya ja musu ruwan madatsa ba. Shirin da ya manta da mai fartanya a jigawa ya manta da mafi yawan jama'a.

Abin Yi

Abu na farko shi ne itace, kuma ba sai an je nesa neman misali ba. A ƙasar Maraɗi, tun daga wajen 1983, wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwoyinsu suna nan a ƙasa. Sai aka shiga ƙarfafa wa manoma su riƙa barin reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture, su sassabe sauran. Da manoma suka tabbata itacen da suka raina nasu ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, sai abin ya bazu da kansa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Wannan bai bukaci gandun renon tsiro ko motar ban ruwa ba. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi cikin 2007, wanda Jigawa take cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya, zai fi yin tasiri idan ya ɗauki wannan darasi, ya daina auna nasara da yawan tsiron da aka dasa ranar biki.

Na biyu, riƙe ruwa a gona. Tun da ruwa ya koma zuwa da ƙarfi a lokaci ɗaya, wajibi ne a hana shi gudu. Jera duwatsu a gicciye, da yin kunya ta tare gangara, da haƙa ƙananan ramuka a fako a zuba musu taki, irin waɗanda marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya shahara da su, duk ayyuka ne da gayya za ta iya yi da rani.

Na uku, iri. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar binciken Tafkin Cadi a Maiduguri, da reshen IITA na Kano, sun fitar da irin gero da dawa da wake da gyaɗa masu saurin nuna. Geron Sosat ya riga ya shiga hannun manoma da yawa. Abin da ya rage shi ne irin ya isa ƙauye kafin ruwan fari, a farashin da talaka zai iya. Tare da haka kada a yar da irin gargajiya, kuma kada a bar gicci, watau haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, domin idan wannan ya ƙi, wancan ya yi.

Na huɗu, ajiya. Manyan rumbunan gwamnati irin na Jahun da Gaya suna da amfaninsu, amma sun yi wa mutumin Achilafiya nisa. Cikin Fabrairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin a fitar da tan 42,000 na hatsi daga ajiyarta, wanda idan aka raba shi ga mutum fiye da miliyan 200 ba zai kai ko'ina ba. Abin da ake bukata shi ne rumbun gari, a ƙarƙashin kulawar mutanen gari, inda manomi zai ajiye buhunansa da kaka a ba shi rancen da zai biya bukatarsa, ya karɓi hatsinsa da bazara. Ƙauyuka da dama a Nijar sun gwada wannan tsari. Ƙananan hukumomi da masarautu da masu fitar da zakkar hatsi suna iya haɗa hannu a kansa.

Na biyar ya shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda za a sami tsaiko. Amma hasashen da aka tsara da lissafin milimita, ko an fassara shi kalma da kalma, ba lalle ya shiga kunnen wanda yake auna ruwa da zurfin danshi a ramin sungumi ba. Wa ya fi cancanta ya zauna tsakanin masanin yanayi da manomi, in ba wanda ya karanci harshen ba? Bugu da ƙari, dattawan da suka san sunayen iri, da alamun hadari, da itatuwan da aka ci a 1973 aka rayu, suna ƙarewa. Maimakon kowace shekara a yi ta maimaita nazari a kan abin da aka riga aka tatse, ya kamata Sashe ya tura ɗalibai ƙauyukansu su tattaro kalmomin noma da na yanayi, a haɗa kai da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero, a fitar da abin da gidajen rediyo za su karanta manomi ya gane.

Kammalawa

Manyan ƙasashe sun yi alkawari a Faris cikin 2015 cewa za su rage hayaƙi, sun kuma amince a Masar cikin 2022 da kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi yake jawo wa ƙasashe matalauta. Haƙƙi ne a ci gaba da bin wannan bashi, domin ba roƙo ba ne. Amma shuka ba ta jiran taro, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ba wanda ya isa ya mayar da damina yadda take a zamanin kakanni. Abin da yake hannun jama'a da hukuma shi ne su tabbata cewa ranar da ta sake saɓa alkawari, za ta tarar da gawo a gona da gero a rumbu. Idan aka yi haka, sunan Achilafiya zai ci gaba da zama addu'ar da aka amsa. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.